Tunkiya a Shafin Agwagwa

Shekara ashirin da biyu Mai Gam ya yi yana ɗinkin littattafai a wani ɗan shago da ke bayan maɗaba'a, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo masa da aiki an ce wani shafi ya shige gaban ɗan'uwansa ba. Wannan magana kuwa ba ya barin ta ta huce. Ko bangon littafin rubutu ka kawo ya manne maka, sai ka ji ta kafin gam ɗin ya bushe. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Tun yana koyon aiki yatsunsa ba sa rabuwa da gam, har aka wayi gari matarsa ma Mai Gam take ce masa in tana jin tsokana.

Abin da bai cika faɗa ba shi ne ba ya karanta abin da yake ɗinkawa. Ba don bai iya ba. A ganinsa mai ɗinki ba ruwansa da abin da ke tsakiyar shafi, lambar da ke gindi ita ce abokiyar aikinsa. Ya duba ɗaya, biyu, uku, ya jera, ya huda, ya ɗinke, ya miƙa wa mai shi ya je can ya karanta kayansa.

'Yarsa ɗaya, shekararta shida. Ranar da aka haife ta ya leƙa cikin zani ya ce wannan ai ɗigo ce, ba mutum ba, shi ke nan ta zama Ɗigo. Tana shekara biyu zazzaɓi ya kama ta, irin mai sa yaro ya sanƙare idonsa ya juye. Kwanansu tara a asibiti. Da za a sallame su likita ya ce ta warke, sai dai a riƙa lura da ita in ta fara makaranta, domin wani lokaci irin wannan zazzaɓi yakan bar tabo inda ido ba ya gani. Maman Ɗigo ta ji, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta koma kan kekenta na ɗinki. Shi bai yi kuka ba. Ya ɗauki maganar ya adana a ciki, shekara huɗu tana cin sa. In yarinyar ta sa takalmi a juye sai gabansa ya faɗi. In aka kira ta ba ta waiwayo da wuri ba sai ya wuni yana juya abin. Tsoro yake ji, tsoron a ce kan 'yarsa ya taɓu, kuma ko matarsa bai gaya wa ba.

Sai kuma ga littafin. Maman Ɗigo ce ta sayo shi wajen masu baza littattafai a bakin titi, lokacin yarinyar tana shekara huɗu. Ɗan siriri ne, an matse shi a tsakiya da 'yar waya guda biyu. Mai Gam ya juya shi sau ɗaya a hannu ya ce wannan ba ɗinki ba ne, cin amana ne, ya ajiye. Duk inda ka buɗe, a hagu akwai baiti layi biyu da manyan baƙaƙe, a dama kuma hoton dabbar da ake wa waƙar.

Kyanwa ta sha madara,
Ta lashe kwano tara.

Zakara ya sa hula,
Ya ce kowa ya kula.

Haka yake tafiya har ƙarshe, daga kyanwa sai zakara, daga zakara sai biri, sai agwagwa, sai jaki, sai tunkiya, da sauran dangi. Kullum in uwar ta tashi daga aiki sai ta ɗora Ɗigo a cinya, ta kama ɗan yatsanta tana bin rubutun da shi, suna rerawa tare. Ba a yi wata biyu ba yarinyar ta haddace shi kaf. Daga nan gidan bai ƙara sanin shiru ba. A wajen wanka kyanwa na shan madara, a wajen cin abinci zakara na sa hula, hatta maƙwabciyarsu da ba ta taɓa ganin littafin ba an kama ta tana shanya tana waƙar biri. Mai Gam ya ji baitocin nan ya fi sau dubu, amma irin jin da ake wa ƙarar fanka.

Ranar Litinin Malamar aji ɗaya ta aika a kira shi. Mace ce mai sanyin magana, ba ta ɓoye-ɓoye kuma. Ta ce Ɗigo yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ba ta ciwon kai ba, amma shekara ta zo ƙarshe, kuma duk ranar da aka miƙa mata katin kalmomi sai ta tsaya ƙiƙam, ko uffan. Ta ce ta taɓa tambayar ta ko akwai abin da ta iya karantawa, yarinyar ta kawo littafinta na gida, ta fara daga bango ba tuntuɓe. Malama ta sa hannu ta rufe littafin a tsakiya, Ɗigo ko a jikinta, ta ci gaba har ƙarshe.

“Hadda ce, Baban Ɗigo, ba karatu ba,” in ji Malama. “Ranar Alhamis bayan an tashi zan sake gwada ta ita kaɗai. In abin bai canza ba, gara ta maimaita ajin.”

Ta faɗi wasu maganganu masu kwantar da hankali, cewa yara ba rana ɗaya suke buɗe ido ba, cewa maimaita aji ba ciwo ba ne. Bai ji ko ɗaya ba. Muryar likitan nan kawai yake ji.

Da yamma ya iso gida ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa, littafin a cinya, yatsa a kan shafi, tana waƙar jaki da iyakar muryarta. Wani abu ya taso masa. Ya ce ta ba shi littafin nan, ai shi ne ya hana ta karatu, mutum ya zauna yana waƙa kamar rediyo. Ta ƙanƙame. Ya ja, ta ja. Takardar da ta sha hannu shekara biyu dama saura ƙiris take jira. Littafin ya rabe daga gadon bayansa, kowace takarda ta kama gabanta, wasu a ƙasa, wasu a kan takalmansa, ɗaya har cikin bokitin da babu ruwa, Allah Ya taimaka.

Ɗigo ba ta yi ihu ba. Ta dubi rabin bangon da ya rage a hannunta, ta dube shi, ta shige ɗaki. Maman Ɗigo ta fito da almakashi a hannu, ta ga abin da ya faru, ta durƙusa ta tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a leda. Ya shirya jin faɗa, har ya tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta ɗora masa ledar a tafin hannu.

“Mutane na kawo maka yagagge ka ɗinke, kai ka zo gida ka yaga mai lafiya,” ta ce. “Kai ka yaga, kai za ka ɗinke. Ranar Alhamis ma kai za ka tsaya mata.”

Shirun da ya daɗe yana roƙo ya samu. Aka yi wanka shiru, aka ci abinci shiru. Kunya ta ishe shi, ga tsoron nan yana nan inda yake, bai ragu da komai ba.

Washegari tun kafin masu maɗaba'a su kunna injinsu ya buɗe shago, ya share teburin, ya zazzage ledar. Takarda goma sha huɗu. Ya kai ido gindin ta farko don ya ga lamba, babu. Ya juya ta biyu, babu. Wanda ya buga littafin nan, ko wane ne shi, bai ga dalilin sa wa yara lamba ba. Mai Gam ya yi tsaki ya ƙara tsine wa aikin zamani.

To, hanya biyu ce a gabansa mai sauƙi. Ya koma gida ya tambayi yarinya 'yar shekara shida yadda littafinta yake tafiya, ko kuma ya zauna ya karanta kowane baiti ya nemo masa hotonsa, tunda kowace takarda hoto ne a fuskarta, baitin dabba ta gaba a bayanta. Ta farko girman kai ya hana. Ta biyu kuwa, mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana kallon gindin shafi, ko zuwa ransa ba ta yi ba sosai. Sai ya bi hanyar gwanaye. Ya riƙa haɗa bakin yaga da bakin yaga, yana duba inda tsatsar wayar nan ta bar tabo, mai tabo da yawa kusa da tsakiya, mai kaɗan kusa da bango. Da ya gama jerawa ya buɗe farko, ya ga baitin kyanwa na kallon kyanwa, ya buɗe na biyu, zakara na kallon zakara. Ya gyaɗa kai. Daidai nan mai maɗaba'a ya turo ƙofa da kundin ɗalibai guda arba'in, wai gobe za su miƙa. Mai Gam ya haɗe takardun ya matse su da maƙali, a ransa magana ta ƙare.

Ɗinkin dai ya yi shi kamar na littafin da za a gada. Kowace takarda ya manna mata siririn ƙyalle a gefen da ya yage. Ya huda da basilla wuri biyar, ya goga wa zare kaki, ya ɗinke ya ƙulle ta ciki. Ya yanko kwali mai kauri, ya lulluɓe shi da shuɗin yadi, ya yanke hoton tsohon bangon ya liƙa a gaba. Sannan ya sa shi a ƙarƙashin matsi ya murɗa. Bai fito da shi ba sai ranar Alhamis da azahar, ya kaɗe shi a cinya, ya nufi makaranta.

An riga an tashi. Ajin babu kowa sai Malama da Ɗigo da ƙurar alli. Kujerun duk na yara ne, ya zauna a ɗaya gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ya miƙa wa yarinyar littafin. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa yadin, ta kai hanci ta shinshina, ta ce yana warin shagon Baba. Ita ce maganar farko da ta yi masa tun ranar Litinin.

Malama ta ce a ajiye littafi tukuna. Ta fito da kati mai kalmomi goma a jere, ta ɗora a gaban Ɗigo, ta ce ta fara daga sama, ba sauri. Ɗigo ta dubi katin. Ta dubi Malama. Ta sunkuyar da kai ta fara murza bakin rigarta. Agogon bango yana ta tafiyarsa. Malama ta nuna ta biyu, ta nuna ta uku, shiru. Mai Gam ya dubi 'yarsa. Ya ce a ransa shi ke nan, abin da likita ya faɗa ne ya iso, ya yi shekara huɗu a hanya amma ya iso.

Malama ta janye katin a hankali. Ta ce wa Ɗigo ta buɗe nata ta karanta wa Baba, don dai yarinyar ta saki jiki kafin su tafi. Shi kuma ta rage murya ta ce masa ya lura da kyau, zai ga abin da take nufi, baki ne ke tafiya, ido yana hutawa.

Ɗigo ta buɗe, ta ɗora yatsa. Muryar da ta ɓace kwana uku ta dawo, da farko can ƙasa, sannan ta miƙe. Kyanwa ta sha madararta. Zakara ya sa hularsa. Ta juya shafi.

Biri ya saka wando,
Ya ɓuya cikin kwando.

Ta kai ƙarshe, ta ɗaga ido ta kalli hoton, sai ta yamutse fuska.

“Baba, birin ya zama jaki.”

Mai Gam ya miƙa wuya. A hagu baitin biri, a dama wani ƙaton jaki kwance a tsakar ɗaki yana kallonsa. Nan take ya gane. Takardar jaki ta shiga gurbin ta biri, ta biri kuma Allah kaɗai Ya san inda ya kai ta. Shekara ashirin da biyu, kuma sai a littafin 'yarsa, a gaban Malama. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara wani bayani a kan tsatsa da rashin lamba, Malama ta ɗaga masa hannu. Ta ce ai ga shi nan, bayan zakara biri ne a haddarta, shi ya sa ta rera biri, ko da giwa aka zana. Ta ce wa Ɗigo ta ci gaba.

Yarinyar ta juya shafi. A dama agwagwa ce tsamo-tsamo a cikin kududdufi. A hadda ma bayan biri agwagwa ce. Ɗigo ta ja numfashi, ta ɗora yatsa a farkon layi, ta ɗauko waƙar da ƙarfinta.

“Agwagwa ta faɗa ru...”

Yatsan ya tsaya. Bakin ma ya tsaya. Ta mayar da yatsan farkon layi, ta sake ja, ya sake tsayawa. Ta kalli agwagwar, ta kalli rubutun, ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa takardar. Mai Gam ya buɗe baki zai ce ta bari, laifinsa ne, Malama ta harare shi irin hararar da take wa 'yan bayan aji, ya haɗiye maganarsa.

“Ba agwagwa ba ce a nan,” in ji Ɗigo.

“Ga ta nan kuwa a hoto,” in ji Malama.

“A hoto ne. A nan ba ita ba ce.” Ta kai yatsa ƙarshen layin farko, ta sauko ƙarshen na biyu, ta koma sama. Leɓɓanta suna motsi. Sannan ta fara, ba da muryar waƙa ba, da wata murya mai tafiya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. “Ga... wa-ta... fa-rar... tun-ki-ya.” Ta tsaya. Sai fuskarta ta washe, layi na biyu ya zo da gudu. “Tana shara da tsintsiya. Baba, ka sa tunkiya a wurin agwagwa.”

Malama ta matso. Ta jawo kujerar yara ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta yadda aka yi ta san tunkiya ce, alhali hoto ya ce agwagwa, waƙa ma ta ce agwagwa. Ɗigo ta yi mamakin tambayar. Ta ce ai takalmansu ta gani. Malama ta ce wane takalmi? Sai yarinyar ta sa ɗan yatsa ta rufe farkon tunkiya, ta rufe farkon tsintsiya, ta bar ƙarshensu a buɗe. Ta ce duk kalmomin da ke ƙarshen layi takalmi iri ɗaya suke sawa, Mama ce ta nuna mata, shi ya sa suke faɗuwa daidai a kunne. Na agwagwa ba irin wannan ba ne. Wannan takalmin na su tunkiya ne.

Malama ta tashi ta ɗauki alli. Ta tsaya tana kallon allo, tana taɓa haɓa, sannan ta rubuta layi biyu da manyan baƙaƙe. Mai Gam bai san littafin ba, amma daga fuskar 'yarsa ya gane babu wannan a ciki. Babu hoto, babu hadda. Ɗigo ta taka har gaban allo, ta yi ɗage, ta miƙa hannu ta rufe kan kalmar ƙarshe da tafinta. Ta ce wannan ma takalmin su tunkiya ne. Daga nan ta buɗe tafin kaɗan-kaɗan tana haɗawa. Ta yi tuntuɓe a kalmar farko har sau uku. Mai Gam ya damƙe gefen kujerar da yake kai.

Ɓera ya ja igiya,
Ashe ya ja wutsiya.

Ta kai ƙarshe, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ta juyo ta tambayi Malama wutsiyar wa ya ja. Malama ta ce ita wa take gani? Ɗigo ta ce ta kyanwar nan ce mai shan madara, kuma yau ɓera ya shiga uku.

Dariyar nan ce ta kwance Mai Gam. Yarinyar ba haɗa baƙaƙe kawai ta yi ba, ta ji abin da suka ce, har ya ba ta dariya. Wani nauyi da ya manta yana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinsa, ya ji numfashi yana shiga har ƙasa. Ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, har Malama ta waiwayo.

Aka dawo da katin. Wannan karon Malama ta ce ta nemo wanda ta san takalminsa. Ɗigo ta bi jerin da yatsa, ta tsaya a ta huɗu, ta ce wannan na su madara ne, ta karanta “gyara”. Ta samo wata mai takalmin su hula. Cikin goma ta ci shida, biyu ta yi rabi, biyu ta ce ba ta taɓa ganin irin takalminsu ba. Malama ba ta yi masa zaƙin baki ba. Ta ce karatun bai nuna ba tukuna, da sauran aiki, kuma lokacin hutu kada a bar ta ta zauna haka. Amma yarinyar da ta ƙaryata hoto ta ƙaryata haddarta ta gaskata rubutu, ba za ta riƙe ta a aji ɗaya ba. Ta ce ita ma ta ga nata kuskuren, ta shekara tana miƙa wa yarinya kalmomi tsirara, babu dangi babu maƙwabci, alhali waƙar da ta raina ita ce ta riƙo hannun yarinyar har bakin ƙofa.

Mai Gam ya miƙe da ƙyar daga 'yar kujerar, ya yi godiya, ya ce littafin kuma a yi haƙuri, gobe zai farke shi ya mayar da kowace dabba gidanta. Malama ta ce kada ya kuskura. Ta ce akwai yara uku a ajin da take shakkar ko karatu suke ko waƙa, in Ɗigo za ta ara mata shi ranar Litinin, a yini ɗaya za ta gane. Har ta tambaya ko zai iya birkita mata wasu guda biyu haka, da gangan. Ya ce zai duba. Bai taɓa jin an yaba aikinsa ya ji kunya irin ta ranar ba.

A hanya Ɗigo ta rungume littafin da hannu ɗaya, ɗayan ta saƙala a nasa. Duk allon shago da suka wuce sai ta ja shi su tsaya ta duba ko akwai takalmin da ta sani. Tafiyar minti goma ta ci musu rabin awa, bai ce ta yi sauri ba ko sau ɗaya.

Maman Ɗigo na kan keke suka shigo. Ta ɗaga ƙafa daga feda, ta dubi fuskarsa, ta dubi ta yarinyar, ta ce Alhamdu lillahi tun kafin a gaya mata. Da Ɗigo ta ba ta labarin jakin da ya zauna a wurin biri, ta karɓi littafin ta buɗe, ta yi dariya har ta kifa kai a kan keken. Ta ce shekara ashirin da biyu, Mai Gam, ashe ranar tana nan tana jiran ka. Ta ce gobe ita da kanta za ta je layin maɗaba'a ta ba da sanarwa. Ya bar ta ta yi ta ƙoshi, don ya san ya ci bashin wannan dariyar tun ranar Litinin.

Da yarinyar ta fita wanke hannu, ya zauna a bakin gado, ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mata ba. Ya faɗa mata maganar likita, da takalmin da ake sawa a juye, da yadda kullum yake jiran ranar da za a kira shi a ce kan 'yarsa ya taɓu. Ya ce ranar Litinin ba littafin yake jin haushi ba, tsoro ne ya yi masa yawa.

Ta daina dariya. Ta zare zaren da ya maƙale a hannun rigarsa.

“Ka ɗauka ban sani ba?” ta ce. “Ina tsaye a wurin likitan ya faɗa. Kai ka ɗauki maganar ka zauna a kanta, ni na je na sayo littafi.”

Ɗigo ta dawo da hannu a jiƙe, ta goge a riga, ta haye cinyarsa ba tare da neman izini ba, wurin da a da na uwarta ne. Ya ce mata in Malama ta dawo da littafin zai gyara mata shi tsaf. Ta ce a'a, ya bar shi haka, in ya gyara bakinta zai riƙa riga idonta. Ta buɗe tsakiya, ta kamo babban yatsansa mai busasshen gam ta ɗora a farkon layi, ta ce yau shi zai karanta, ita ce Malama.

Ya dubi shafin. Baƙaƙen suka narke suka haɗe da juna, ba abin da yake iya gani sai wani fari-fari a cikin ruwa, a dama. Ya gyara murya ya ce agwagwa ta faɗa ruwa.

“Baba, hoto kake kallo,” in ji Ɗigo. “Kalli rubutu.”

Ya sa bayan hannu ya goge idonsa, ya ce to, ta nuna masa daga ina ake farawa.